Kafin Ka Biya Kuɗin Babban Babur, Saurari Birkinsa

A Kano idan mutum zai sayi babur na hannu, kunnensa kan inji yake. A tayar, a murɗa totur, a leƙa salansa ko yana hayaƙi, a hau a zaga a dawo. Birki kuwa sau ɗaya ake matsa shi a tsaye, in ya kama shi ke nan. Baburan da muka taso da su ne suka koya mana haka. Jincheng, Lifan, Boxer, roba-roba, birkinsu waya ce da sanda da shu. In ya yi sanyi, yaron bakanike ya ƙara ɗaure noti, ko a canja shu, ka kama gabanka.

Manyan baburan da ake shigo da su daga Turai ta Kwatano ko Legas, waɗanda yanzu kake gani a fake a harabar masana'antun Sharada da Bompai, lamarinsu daban ne. Wasunsu birkinsu na da famfo mai aiki da lantarki, da ƙwaƙwalwa, da sensa a kowace taya. Injin irin wannan babur na iya zama garau, fenti na sheƙi, amma akwatin birkin da ke ɓoye ƙarƙashin tanki ya mutu, kuma gyaransa ya cinye babban kaso na abin da ka biya. Ga nauyi: BMW R1150RT ya kusa kilo 280, K1200LT ya haura kilo 370. Ka ɗora wannan nauyi a titin Panshekara da yamma, ma'aikatan Challawa sun taso, tirela a gaba, rairayi a gefen kwalta, ga ɗan Adaidaita Sahu da zai tsaya maka ba sigina don ya hango fasinja. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, masu ƙafa uku suka cika tituna, kuma duk mai hawa babur ya san sau nawa yake cafkar birki ba shiri a rana ɗaya.

Abu biyu ne, kada a haɗa maka su

Dillalai kan ce "ai mai ABS ne" su yi shiru, kamar magana ta ƙare. Akwai ABS, akwai kuma birki mai taimakon famfo, wanda ake kira sabo. Bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan ciniki.

Aikin ABS ɗaya ne: hana taya ƙamewa. A jikin kowace taya akwai zobe mai haƙora ko ramuka, da sensa da ke ƙirga wucewarsu. Idan ka danne birki ƙwaƙwalwa ta ga taya na shirin tsayawa cak alhali babur na tafiya, sai ta sassauta matsin man birki ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Taya ta ci gaba da juyawa, kai kuma ba ka zube ba. BMW ne ya fara sa shi a babur, a K100, cikin 1988. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga sababbin samfuran babura da suka haura cc 125 daga 2016, ga duk sabon babur irin wannan daga 2017. Indiya ta bi sahu a 2018 da 2019. Ke nan yawancin manyan babura na hannu da za su riƙa iso mana nan gaba da shi za su zo. Alherin ABS na yau da kullum shi ne, ko ya lalace birkinka na nan yadda yake. Kariyar ƙamewa ce kawai ka rasa.

Mai sabo ba haka yake ba. Daga wajen 2001 zuwa 2006 BMW ya sa wa baburansa wani tsari mai suna Integral ABS, ƙirar kamfanin FTE na Jamus. Za ka same shi a R1150RT, R1150R, R1150GS na ƙarshe-ƙarshe, K1200RS, K1200LT, K1200S, da R1200GS da R1200RT na farko. A nan hannunka ba shi ke matse faifan birki kai tsaye ba. Kai dai umarni kake bayarwa, famfon lantarki ne ke yin aikin ƙarfin. Idan yana lafiya, yatsa biyu sun isa su tsayar da wannan ƙaton babur, har sai ka saba kafin ka daina yin tsalle-tsalle a cunkoso. Idan kuwa famfon ya ɗauke, ko makulli na kashe, abin da ya rage shi ne ragowar birki, ɗan kaɗan, wanda sai ka matsa da dukkan ƙarfinka kafin babur ya fara saurara maka. Wanda bai san da wannan ba, ranar da ya ɗauke masa zai ɗauka birki ya tsinke gaba ɗaya. A tsakiyar 2006 BMW ya sauya zuwa sabon tsari na Continental Teves, marar sabo, a yawancin samfuransa. Saboda haka R1200GS na 2005 da na 2008 kamanninsu kusan ɗaya, amma birkinsu ba dangi ba ne.

Gane shi ba wuya. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, jira 'yan daƙiƙu, sannan ka matsa birkin hannu. In ka ji wani zuuu daga ƙarƙashin tanki, kamar ƙaramin injin markaɗe, sabo ne. In shiru, ɗaya daga cikin uku: ba mai sabo ba ne tun asali (wasu GS da R an sayar da su ba ABS ko kaɗan), ko an cire shi, ko ya mutu. Aikinka ne ka gano wanne. Lambobi bakwai na ƙarshen lambar shasi, in ka sa su a shafukan intanet masu fassara lambar BMW, za su ba ka wata da shekarar ƙira. Kada ka dogara da shekarar da ke kan takardar kwastan ko bakin dillali.

Daƙiƙu goma na farko

Watannin baya na raka ƙanina duba wani babban babur ɗan Beljiyam a wani fili cikin Bompai. Muna shiga muka tarar an wanke shi, an tayar, yana ta gurnani a inuwar dalbejiya. Ƙanina har ya fara murmushi. Na ce a kashe. Dillalin ya ce, "Haba Alhaji, ai don ku ji lafiyarsa muka tayar." Na ce na ji, a kashe dai a zare makulli. Da aka sake murɗawa, fitilar mai ta kama, ta nutal ta kama, ta sigina ta yi aiki, amma gurbin fitilar ABS baƙi ƙirin. Na haska fitilar waya a karkace, sai ga gefen baƙin salatif a bayan gilashin mita. Ƙanina ya dube ni ya ce, "Yaya, mene ne?" Na nuna masa. Dillalin ya ce, "Wuta ce kawai take damun mutane, shi ya sa aka rufe, birki kam lafiya lau." Muka yi masa sallama.

Wannan jimla ta "wuta ce kawai" za ka ji ta sau da yawa. Fitilar nan ita ce bakin da birkin ke magana da shi, kuma duk wanda ya toshe ta akwai abin da ba ya so ka ji.

Don haka ka nemi a bar maka babur a sanyaye, kai za ka fara murɗa makulli. A mai sabo, ka ɗauke hannu da ƙafa daga birki gaba ɗaya, domin a wannan lokacin yake binciken kansa, kuma in ka taɓa birki binciken ba zai kammala ba. Fitilar ABS za ta fara ƙiftawa da sauri, kamar sau huɗu a daƙiƙa, sannan ta koma a hankali, sau ɗaya a daƙiƙa. Saurin na nufin sabo bai shirya ba, ragowar birki kawai gare ka. Jinkirin na nufin sabo ya shirya, ABS na jiran taya ta juya. Tayar da inji, ka ja. Da ka kai saurin tafiyar ƙafa, wajen kilomita 5 a awa, dole ta mutu. In ta ci gaba da ƙiftawa da sauri, kada ka fita titi da shi. In ita da fitilar gargaɗi mai kusurwa uku suna karɓa-karɓa, wannan ta kama waccan ta mutu, man birkin cikin akwatin ne ya yi ƙasa, sau da yawa don fad ɗin birki ya cinye, wani lokaci kuma yoyo ne. In mai kusurwa ukun ce kaɗai ta tsaya a kunne, fara duba ƙwan fitilar baya, domin shi ma ƙwaƙwalwar birkin ce ke lura da shi.

A yawancin sauran babura, na Japan ne ko na Indiya ko BMW na baya-bayan nan, ƙa'idar ɗaya ce: fitila ta kama da makulli, ta zauna har sai babur ya motsa, sannan ta mutu. Ka riƙe wannan da kyau, saboda akwai dabarar da ta fi salatif. Mai rewaya kan haɗa fitilar ABS da ta man inji, sai su kama tare su mutu tare da zarar inji ya tashi. Mai saye ya ga ta kama ta mutu, hankalinsa ya kwanta. A yawancin babura fitilar gaskiya ba ta mutuwa babur na tsaye, domin ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar sanin sensa na aiki sai taya ta juya.

Ba kowace fitila ce ke nufin asara ba, kuma wannan ma adalci ne a faɗa. Batir mai rauni shi ne babban mai tayar da ƙararrawar ƙarya. Famfon sabo na shan wuta sosai, kuma babur da ya yi watanni a kwantena batirinsa ya gaji. Ka tafi da mita. Batir mai lafiya a kashe yana ba da wajen bolt 12.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In ƙasa da haka ne, a sa batir mai kyau a sake gwaji a gabanka. Haka nan ƙaramin makunnin da ke jikin hannun birki ko na ƙafa: in hannun ya lanƙwashe, ko garkuwar hannu ta juya tana dannansa, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka kana riƙe da birki, ta ƙi gama bincike. Wannan gyaran minti biyar ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce min "batir ne" ba a nuna min ba. In batir ne, ga batir, a canja mu gani.

Tsuguna ka duba

Yanzu ka durƙusa gaban taya. Nemi zoben nan mai haƙora, ka juya tayar a hankali. Ya zama a miƙe, ba lanƙwasa, ba haƙorin da ya karye. Masu faci da ba su saba da shi ba kan jingina ƙarfen cire taya a kansa. Bi wayar sensa da yatsa daga taya har inda ta shige jikin babur, kana neman inda aka yanke aka naɗe da salatif. Baburan da aka kwance aka cusa a kwantena tare da kayan gwanjo, a nan suka fi samun rauni. Kan sensa na da maganaɗisu, yana tara garin ƙarfe da ƙura, kuma a unguwanni irin Sharada inda ake walda da yankan ƙarfe ga ƙurar hunturu, goge shi kaɗai kan kashe fitila. Girgiza tayar hagu da dama, in boris ya saki, tazarar sensa da zobe za ta riƙa sauyawa. Karanta lambar girman taya ka gwada da wadda kamfani ya rubuta, domin tayar da ba girmanta ba na rikita lissafin ƙwaƙwalwa.

Sai man birki, kuma a nan nake so mu daɗe. Man DOT 4, wanda waɗannan babura ke sha, yana zuƙar danshi daga iska. Sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa kan sauko zuwa wajen 155. Banda haka, ruwan na sa tsatsa a ƙananan bawul na cikin akwatin, su maƙale. Babur da ya yi shekara biyu a garejin wani Bature, ya yi makonni a teku, ya kwana a danshin Kwatano, kafin ya iso Kano mansa ya gama tsufa. Sabon mai garai-garai yake kamar tataccen man gyaɗa. Tsoho kuwa kamar shayin da aka manta a wuta.

Mai sabo yana da wani sirri da dillalai da yawa ma ba su sani ba. Layukan mansa huɗu ne, ba biyu ba. Biyu daga hannu da ƙafa zuwa akwati, biyu daga akwati zuwa tayoyi, kuma man waɗannan ba ya gauraya da na waɗancan. Ɗan kofin da kake gani a kan hannu na layin umarni ne kawai. Man da ke yin ainihin aikin yana cikin wasu kofuna a jikin akwatin, a yawancin samfura sai an ɗaga tanki. To mai sayarwa na iya zuba sabon mai a kofin hannu ya yi kyau, na ƙasa kuwa ba a taɓa shi ba shekara goma. Da farko BMW ya ce a canja man layin tayoyi duk shekara, na layin umarni duk shekara biyu. Tambayi mai babur yaushe aka yi, wa ya yi. In da gaske kake son babur ɗin, biya bakanike ya ɗaga tankin a gabanka. In ka ga baƙin gari-gari a cikin man, tiyon roba ne ke ruɓewa daga ciki, kuma garin nan cikin akwati yake tafiya. Tiyon da ya shekara ashirin ya gama aikinsa, a musanya shi da mai saƙar ƙarfe.

Akwai kuma na'urar karanta laifi. Ta BMW da aka fi sani ita ce GS-911, ƙirar wani kamfani a Afirka ta Kudu, ana haɗa ta da waya ko kwamfuta ta fito da duk laifin da ƙwaƙwalwa ta ajiye. In ka sami mai ita cikin masu manyan babura, kuɗin da za ka ba shi ba asara ba ne. A karanta, a goge, a zaga, a sake karantawa. Laifin da ya dawo shi ne na gaske.

Gwaji a titi

Ranar Lahadi da safe titunan cikin Challawa da Sharada kan yi shiru, manyan motoci sun huta. Nemi miƙaƙƙen wuri, sa hular kwano, kada ka ɗauki kowa. Fara da tsayawa a hankali sau biyar ko shida, kana lura ko ƙarfin birkin iri ɗaya ne kowane karo. Birkin da yanzu ya cafke, anjima ya yi laushi, abin tsoro ne. Sannan a saurin kilomita 30, babur a miƙe, ka danne na ƙafa da ƙarfi inda kwalta ke da 'yar ƙura. A ABS na yau da kullum za ka ji feda na bugun tafin ƙafarka, tayar ba ta ja layi ba. A mai sabo ba lallai ka ji bugun ba, sai dai ka ji babur na kamawa yana saki. In tayar baya ta ƙame ta yi ƙara, ABS ba ya aiki, ko me fitila ta ce. Hattara da R1150RT da K1200LT: a cikinsu fedar ƙafa na kama gaba da baya tare, don haka ka bi a sannu. Kada ka gwada cafkar na gaba a kan rairayi don neman tabbaci, ba a gwada wannan da babur da ba ka amince da shi ba tukuna.

Bayan an yi tafiyar minti ashirin, komai ya ɗau zafi, tsaya ka kashe, ka sake kunnawa ka kalli fitilun daga farko. Wasu laifuffukan sai da zafi suke fitowa.

Wata 'yar magana a gefe, don masu ƙananan babura. Za ka ga wasu baburan Sin da ɗan ƙarfe kamar kan fulogi a ɗaure jikin birkin gaba, an rubuta ABS. Ba zobe, ba waya, ba fitila. Wannan ba ABS ba ne, ɗan bawul ne da ke rage matsi, kada a ƙara maka ko sisi saboda shi. Wasu na Indiya kuma ABS ɗinsu na gaske ne amma na tayar gaba kaɗai, ta baya za ta iya ƙamewa. CBS shi ma daban ne, raba birki yake tsakanin tayoyi biyu, ba ya hana santsi.

In ka tarar da laifi

A BMW na bayan 2006, abin da ya fi yawa shi ne burushin motar famfo ya maƙale. Ana gyarawa, kuma kafin a gyara birkinka na nan. Wannan abin a rage kuɗi ne a yi ciniki.

Mataccen sabo kuwa hanya uku gare shi. A aika akwatin Turai ko Amurka wurin masu sake gina shi, ka haɗa da kuɗin jirgi da canjin kuɗi da watannin jira. Ko ka nemi na kwance, wanda shi ma shekarunsa ɗaya da naka, ba ka san tarihin mansa ba, cinikin biri a sama ke nan. Ko a cire shi ɗungurum, a ja tiyo kai tsaye daga hannu zuwa taya. Masu irin waɗannan babura da yawa a Turai sun yi haka, kuma in an yi aikin da kyau, birki ne mai ƙarfi da ba ya jiran batir. Amma ABS ya tafi har abada, kuma aikin na buƙatar mai rewaya da ya san abin da yake yi, domin fitilar birki ta cikin akwatin take bi, a wasu samfura har da mitar gudu. In an ce maka an riga an cire, duba tiyo ko sababbi ne masu kan ƙarfe na asali, ba haɗe-haɗen kasuwar Ƙofar Ruwa da aka ɗaure da waya ba. Matsa hannu, matsa ƙafa, wani ya tsaya a baya ya ga fitilar birki na kamawa da kowanne.

Ra'ayina, ga wanda zai riƙa zirga-zirga kullum tsakanin gida da Challawa kuma ba shi da bakaniken da ya taɓa buɗe irin wannan akwati, ya nemi na bayan 2006, ko na Japan mai ABS na yau da kullum. Mai sabo babur ne mai daɗi, amma sai wanda zai kula da mansa kamar yadda yake kula da man inji.

Duk wanda ka zaɓa, kafin ka ba da kafin alƙalami a rubuta a takardar ciniki, gaban shaidu, halin da birki yake ciki da bakin mai sayarwa, da kwanakin da aka ba ka na gwaji. Malamanmu sun karantar da cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma mai saye na da haƙƙin mayarwa in an ɓoye masa. Rubutun ne zai sauƙaƙa maka karɓar wannan haƙƙi ba tare da rigima ba.

Makon farko, tun kafin sabuwar lamba da kwalliya, a canja man birki duka da DOT 4 daga sabuwar gora da aka ɓalle hatiminta a gabanka. Ban da na awo, ban da DOT 5, wanda sinadarinsa daban ne. In mai sabo ka saya, faɗa wa duk wanda zai taɓa babur ɗin, maigadi ne ko mai wanki ko ɗanka, cewa kada ya gangara da shi daga kan dakalin ƙofar gida makulli na kashe. A murɗa makulli, a ɗauke hannu, a jira fitila ta rage sauri, sannan a tura.